Hoton maƙwabta a gidan bene

Ka ce wata shida ke nan da ka tare a bene mai hawa takwas, kana so ka ɗauki hotunan maƙwabtanka don a ga yadda ake zaman tare, amma ko sunan mai ƙofar da ke kallon taka ba ka sani ba. Shi ne kake tambaya ko ka sa wa kyamara dogon gilashi mai jawo nesa kusa ka zuƙo su daga tagarka.

Kada ka yi, ɗana. An taɓa yin haka. A 2013 wani mai ɗaukar hoto a New York, Arne Svenson, ya baje hotunan mutanen benen da ke fuskantar gidansa, waɗanda ya ɗauka ta tagoginsu ba da saninsu ba. Wasu iyaye suka kai shi kotu saboda 'ya'yansu sun fito a ciki. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya bisa dokar jihar, duk da alƙalan ba su ɓoye damuwarsu da abin ba. Dokar can daban, ta wani wuri daban. Ni abin da ya dame ni shi ne, kai gobe da safe za ka haɗu da mutanen nan a matakala, kuma hoton da aka sata ba zai nuna zaman tare ba, tunda babu shi tsakaninka da su.

Dubi Michael Wolf kuwa, Bajamushe. A 2006 ya shiga tsohuwar unguwar gidajen gwamnati ta Shek Kip Mei a Hong Kong kafin a rushe ta, ya ɗauki ɗakuna 100, kowanne ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, mai ɗakin na ciki da kayansa. Ginin iri ɗaya, amma ba ɗakin da ya yi kama da wani. Sai da aka buɗe masa ƙofa ya samu wannan.

Saboda haka mako biyun farko rataya kyamara a wuya, ka hau ka sauka, ka gaisa, kada ka danna komai. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Haka kyamara take: in sun saba ganinta, sai ta daina tsorata su. Fara da mai gadi ko mai shara, su ne suka san kowa. Wanda ya yarda ka ɗauke shi, wanke hoton a takarda ka kai masa har ƙofa. Hoton da ke cikin waya yakan ɓace cikin dubu, na takarda kuwa bango ake maƙala shi, maƙwabciya ta gani ta tambayi wa ya ɗauka.

A bene ba tsakar gida, to nemi inda hanyoyi ke haɗuwa: bakin lif, kwanar matakala, wurin ajiye motoci, wurin zubar da shara, rufin da ake shanya. Mutum biyu sun kama kujera suna hawa da ita, wata ta riƙe wa wani ƙofa, yara a kan matakala. Nan zumuncin yake, ɗan kaɗan ne kuma ba ya daɗewa, shi ya sa ake jiransa a tsaye.

Haske zai wahalar da kai. Ƙwan lantarki na corido yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa inda wuta take 50 Hz (wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa), sau 120 inda take 60, kamar Amurka. Idonka ba ya gani, kyamara tana gani, sai hoto ya fito da zane-zane. Sa shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, inda wuta take 60 kuma 1/60. Ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, zuwa 1600 ko 3200 ba laifi. Ɗan ƙura-ƙurar da hakan ke sawa a hoto ya fi filashi a fuskar tsoho. A cikin ɗaki kashe ƙwai ka zaunar da mutum gefen taga, don hasken biyu in sun haɗu rabin fuska yakan yi ja, rabi shuɗi. Gilashin 35mm ya ishe ka. In ka sa wanda ya fi shi faɗi ka matsa kusa, hanci zai kumbura, kuma ba mai yafe maka wannan.

Lambar ƙofa, lambar mota da takarda mai suna, fitar da su daga hoto. Yaro sai da izinin iyayensa. Yarda a ɗauka daban, yarda a sa a intanet daban, tambayi kowanne. Wanda ya ce a'a, gobe ka gaishe shi kamar yadda ka saba.

Fara da hawanka. In ƙofa uku sun buɗe maka, kawo hotunan mu duba tare.