In biya kuɗin tafiya tun yanzu ko in jira farashi ya sauko? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wanga mako. Tambayoyi huɗu na ɗauko cikin waɗanda sunka shigo, uku a kan jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa da mutanenmu sunka fara sha'awa, ɗaya a kan Umrar azumi, kuma duk damuwar guda ce, mutum na tsoron ya biya yau gobe farashi ya faɗi, shina kuma tsoron ya jira farashi ya tsere mishi.

"Malam barka da warhaka. Ni da maigidana muna da niyyar Umra bana insha Allah, sai ɗiyarmu ta nuna muna wani jirgin ruwa da ke tashi daga Jidda, a yi kwana uku ko huɗu cikin teku a dawo. Alhaji ya ce mu bari sai mun isa can, wai ya ji in lokacin tashi ya matso karya kuɗin ake yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mu biya yanzu ko mu jira?" Wata Hajiya daga Mabera.

Hajiya, abin da Alhaji ya ji gaskiya ne, ana karya kuɗin, amma ba kullum ba kuma ba don irinmu ake karya shi ba. Kin san yadda ragon layya yake a Kara, wata shekara wanda ya jira jajibiri ya samu da araha don masu dabbobi sun gaji suna son komawa gida, wata shekara kuma ya tarar an kwashe na kirki sai ramammu kuma da tsada. To ɗakin jirgin ruwa ya ma fi rago matsuwa, don mai rago in bai sayar ba zai iya kora abinshi gida ya ci gaba da kiwo, shi ko jirgi in ya ɗaga da ɗaki babu kowa ciki, kuɗin wannan ɗakin sun tafi kenan har abada. Shi ya sa in kamfani ya ga ranar tashi ta matso kuma ɗakuna sun rage mishi da yawa sai ya yi rangwame. Yawanci hakan na faruwa ne bayan ranar da sunka sa wa kowa ya cika kuɗinshi, wadda a kamfanoni da yawa take kamawa wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, don a lokacin ne suke sanin wa ya cika wa ya fasa.

Amma ki duba wa ke cin wannan arahar. Mutumin da ke zaune Jidda ne, ko na Makka, wanda in ya ga rangwame ranar Talata zai haɗa jakka ranar Alhamis ya shiga mota ya je tasha. Ku kuma daga Mabera za ku taso, ku kama Kano ko Abuja in babu jirgi kai tsaye daga filin Sultan Abubakar III, ga biza ga otal ga ranar dawowa da an riga an rubuta a tikitinku. Jirgin ruwan ba kullum yake tashi ba, yana da ranakunshi, in kunka isa Jidda kunka tarar wanda ya dace da kwanakinku ya cika, ko saura ɗakin ciki marar taga alhali ke baranda kike so ki zauna ki kalli teku, to ba abin da za ku yi sai haƙuri, ko ku canja tikitin jirgin sama, kuma kuɗin canjin kaɗai zai iya cinye rangwamen da kuke hange har ya nemi ƙari.

Sannan akwai abin da ya fi farashi muhimmanci, kuma shi nake so ki gaya wa Alhaji yau ɗin nan. Jiragen da ke yawo a Bahar Maliya, kamar AROYA na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a watan Disamba 2024, wanda ke ɗaukar fasinja sama da 3,000, wasu tafiye-tafiyensu cikin ruwan Saudiyya suke tsayawa, wasu kuma suna taɓa Sharm el-Sheikh a Masar ko Akaba a Jodan. Da zaran jirgi ya kai ku wata ƙasa to kun fita Saudiyya kenan, in bizarku ta shiga ɗaya ce kun ƙone ta, dawowa Jidda ta zama matsala. Wannan ba a tasha ake gano shi ba ranar tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya Hajiya. Tun kuna Sakkwato ku tambayi ejan ɗinku wace irin biza zai yi muku, ku tambayi kamfanin jirgin a rubuce ko mai fasfon Najeriya da wannan bizar zai iya hawa wannan tafiyar. Ki kuma tabbata jirgin yana Jidda a watan da za ku je, don irin waɗannan jiragen bin yanayi suke, da sanyi suna Bahar Maliya ko wajen Dubai, in zafi ya shigo su koma Bahar Rum.

Shawarata ku kama ɗaki tun yanzu da kafin alƙalami irin wanda ake maidowa in an fasa, ko da ya ɗan fi tsada, sannan ku yanki tikitin jirgin sama a kan ranakun da sunka dace da shi.

"Malam na biya kafin alƙalami na jirgin ruwa da zai tashi daga Basalona ni da iyalina ta hannun wani ejan, yau wata biyu. Jiya na duba na ga kuɗin ɗakin ya sauko sosai. Raina ya ɓaci wallahi, ji nake an ci da gumina. In fasa in sake saye?" Wani ɗan kasuwa daga Tsohuwar Kasuwa.

Alhaji ka kwantar da hankalinka, kada ka taɓa maɓallin fasawa tukun. Ɗauko takardar da ejan ya ba ka ka nemo abu biyu, ranar cika kuɗi da sharaɗin kafin alƙalaminka. In ranar cika kuɗi ba ta zo ba, kamfanoni da yawa sukan yarda su maida ka kan sabon farashi in ka nema, su ba za su kira ka su ce ga ragi ba, kai ne za ka nema, kuma tunda ta hannun ejan ka saya shi ne zai kira su, kamfani ba zai saurare ka kai tsaye ba. Ka ɗauki hoton farashin da ka gani da kwanan wata ka tura mishi yau, don farashin nan kamar na dala yake a bakin 'yan canji, na safe daban na yamma daban. In kuma ranar ta wuce, da wuya su maido maka da kuɗi a hannu, amma ka roƙa ko su matsar da kai ɗakin da ya fi naka ko su ba ka wani abu ka kashe cikin jirgi, wani lokaci ana dacewa.

Kafin nan ka tabbata abu guda kake gwadawa da abu guda. Sau da yawa farashin da ya "sauko" na ɗakin ciki ne kai kuma mai baranda ka kama, ko kuwa irin wanda kamfani ne zai zaɓar maka ɗaki daga baya duk inda ya rage, ya iya faɗowa ƙarƙashin wurin kiɗa ko kusa da inji, ya kuma iya raba ka da ɗakin yara hawa biyu ko uku. Wani kuma an cire mishi abubuwan da naka ya ƙunsa, kamar intanet da abin sha da tukwicin ma'aikata da ake lissafa wa kowane fasinja kullum. Lambar da ake rubutawa babba ta mutum guda ce bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, wani lokaci ma ba a sa kuɗin tasha da haraji ba sai ka kai ƙarshen biya. In ka haɗa duka za ka iya tarar da bambancin bai kai yadda ya ɓata maka rai ba.

Ni abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba ka ambaci biza ba ko kaɗan. Basalona Sifen ce, kuma irin wannan jirgin yakan bi ta Faransa da Italiya, kenan bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, kake buƙata kai da kowane ɗaya cikin iyalinka. Ana iya nema tun saura wata 6 tafiya, a ƙa'ida kwana 15 ake yanke hukunci amma yana iya kaiwa 45, ban da jiran samun ranar ganawa wanda shi ma aiki ne. In hanyar jirgin ta fita yankin ta dawo, misali ta taɓa Tunisiya ko Maroko, ka nemi mai shiga da yawa. Ka yi ƙoƙari amsar biza ta fito kafin ranar cika kuɗi, don in an hana ka bayan ka cika, tarar fasawa hawa take yi tana hawa har ta kai in saura kwanaki kaɗan ba a maido ko sisi. Wannan shi ne babban amfanin kamawa da wuri ga mai koren fasfo, yana ba ka filin da za ka nemi biza alhali kuɗinka kaɗan ne a hannunsu.

"Malam Umrar goman ƙarshe nake so in kai mahaifiyata. Wani ejan ya ce in dakata sai Sha'aban wai kujeru kan yi araha in jirage sun rasa mutane. Kuɗin suna hannuna." Wani ma'aikaci daga Runjin Sambo.

Ɗan'uwa Allah ya saka maka da alheri ya ba ka ikon kai ta. Kada ka dakata. Jirgin ruwan shaƙatawa kan rasa mutane, amma ni ban san jirgin Jidda ko Madina da ke neman fasinja a goman ƙarshe ba, duniya gaba ɗaya can ta nufa. Kujerun jirgin sama kashi-kashi ake sayar da su, kujera iri ɗaya amma kuɗi daban, masu araha su ake fara kwashewa, in sun ƙare sai a buɗe na sama da su, haka har a kai kan wanda ya zo ƙarshe ya biya mafi tsada ya zauna kusa da wanda ya biya kaɗan. Otal ma haka, kuma tunda tsohuwa za ka kai, otal ɗin da ke kusa da Harami shi ne rabin Umrarta, waɗannan su ake fara kamewa, wanda ya makara sai ya samu mai nisa inda dattijuwa mai azumi za ta riƙa jiran mota cikin cunkoso bayan tahajjudi.

Ga kuma naira. Duk wanga lissafi da dala da riyal ake yinshi, riyal kuma a ɗaure take da dala, 3.75 kowace dala guda. Mun ga abin da ya faru, kafin Yunin 2023 dala a hukumance wajen naira 460 take, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, har hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ce maniyyatan Hajjin 2024 su cika kusan naira miliyan 1.9 bayan abin da anka fara sanarwa, mutane nawa a garin nan sunka shiga neman rance a cikin azumi. Gaskiya ne nairar kan farfaɗo wani lokaci, a Afrilun 2024 ma ta ɗan dawo kafin ta sake zamewa, to amma kai ba ɗan canji ba ne, ibada za ka kai mahaifiyarka, in ka biya yau ka rufe farashinka ka huta. Sai dai ka biya inda ya kamata, ka nemi ganin lasisin NAHCON na kamfanin, ka biya ta asusun kamfani ba na mutum ba, a rubuta maka sunan otal da sunan jirgi da ranakun tafiya da abin da za a maido in biza ba ta fito ba, sannan in an ce an yanki tikiti ka karɓi lambar ka duba da kanka a shafin kamfanin jirgin. Ka duba fasfonta ma, ya zama yana da sauran aƙalla wata 6. Ejan ɗin da ya ce ka jira Sha'aban, ka tambaye shi ko zai rubuta maka cewa in kuɗi ya hau shi zai cika.

In da araha kake nema ba goman ƙarshe ba, da na ce ka kai ta bayan an watse daga Hajji, wajen Muharram ko Safar, lokacin cunkoso ya ragu otal sun sauko.

"Malam ni ɗan Gwadabawa ne ina karatu a Madina, ina da iƙama. Ina so in gwada jirgin ruwan nan ni da abokina in an yi hutu, kowane ɗaki ya samu ba damuwa."

Kai kam ƙanena jira ya karɓe ka. Ba ka da tikitin jirgin sama, ba ka zaɓen ɗaki, jirgin ƙasan Haramain zai sauke ka Jidda cikin wajen awa biyu, ku biyu ne kuma don haka ba za a ɗora maka ƙarin da ake ɗora wa mai kwana shi kaɗai ba. Ka fara leƙa farashi tun saura wata biyu, ka kauce wa ranakun Sallah da hutun makarantun Saudiyya don lokacin iyalai ke cika shi. In wanda ka zaɓa zai fita zuwa Masar ko Jodan, ka nemi bizar fita da dawowa ta hannun jami'arku kafin ka biya ko riyal guda, ka kuma tambayi ko ƙasar da za a tsaya tana son tata bizar daga mai fasfon Najeriya.