Tambaya da Amsa: Bidiyon Awa 3 Ya Ƙi Shiga Faifan DVD

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin studiyo a Jekadafari, cikin garin Gombe, ina ɗaukar bidiyon biki da walima. Da tsohuwar manhajar da nake tace bidiyo, kamu da ɗaurin aure da kai amarya na awa 3 duk suna shiga faifai ɗaya. Tun da na sabunta ta, aiki mai tsawon haka yana fitowa sama da giga 11, faifan kuwa 4.7 ne. Iyayen amare kuma har yanzu faifai suke so su sa a falo. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamu sun nuna tsohuwar manhajarka ita ke yi maka lissafi a ɓoye: ta duba tsawon bidiyon, ta matse shi daidai cikin faifan. Sabuwar ta zo da nata saitin, ta bar maka lissafin. Da ma kamfanoni sun daɗe da juya wa DVD baya. Adobe ta tsayar da Encore, manhajarta ta haɗa faifai, a kan CS6 ta 2012, Microsoft kuma ta cire DVD Maker tun daga Windows 8.

Girman fayil abu biyu ne ke yanke shi: tsawon bidiyon, da bitret, wato yawan bayanan da ake zubawa a kowace daƙiƙa. Tsawon biki ba a hannunka yake ba, don haka bitret za ka taɓa.

Fara da sauti, nan ne ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Saitin DVD na manhajoji da yawa yana fitar da sauti a tsarin PCM, wanda ba a matse shi ba, yana cin kilobit 1,536 a daƙiƙa. A awa 3, sautin kaɗai ya kai giga 2, kusan rabin faifan ya tafi tun hoto bai shiga ba. Ka mayar da shi AC-3, wanda ake kira Dolby Digital, a kan kilobit 192. Awa 3 ɗin za su koma kimanin mega 260, kuma kiɗan kalangu da guɗar mata za su fita garau. Idan sabuwar manhajar ba ta da AC-3, don wasu sun cire shi, ka fitar da sautin daban, manhajar haɗa faifai ta juya maka shi.

Sai lissafin hoto. Faifan giga 4.7 yana ɗaukar megabit 37,600. Ka ware kaso kaɗan domin shafin zaɓi da fayilolin tsari, ka yi aiki da 36,000. Raba wannan da yawan daƙiƙoƙin bidiyon, sannan ka cire kason sauti. Awa 3 daƙiƙa 10,800 ke nan: 36,000 a raba da 10,800 ya ba da 3.3, ka cire 0.2 na sauti, saura 3.1. Wannan shi ne matsakaicin bitret ɗinka, a ma'aunin megabit a daƙiƙa. Awa 2 zai ba ka 4.8. Bidiyon awa 1 kuwa, kada lissafi ya ruɗe ka ka zuba 9.8 don ita ce iyakar DVD. Ka tsaya a 8, domin tsofaffin na'urori suna sarƙewa in faifan da aka buga a kwamfuta ya yi nauyi.

Kada girman da Windows ke nunawa ya rikita ka: faifan 4.7 a wurinta 4.37 ne, don ƙidayarsu ta bambanta. Babban fayil ɗinka kada ya wuce 4.3 a idon Windows.

Wajen fitarwa ka zaɓi MPEG-2 na DVD, tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya, faɗi da tsayin hoto 720 da 576, firem (hotuna) 25 a daƙiƙa. Ka zaɓi VBR mai zagaye biyu, wato bitret mai hawa da sauka, ka bar CBR, wato bitret tsayayye. A zagayen farko manhajar tana nazarin bidiyon ne, a na biyu ta rage wa wuraren da babu motsi, kamar lokacin da liman ke addu'a, ta ƙara wa filin rawa da liƙi. Sa mafi ƙaranci 1.5, matsakaici 3.1, mafi yawa 7. Zai ɗauki kusan ninkin lokaci, don haka ka tabbatar da wuta ko caji kafin ka fara.

Gaskiyar magana, 3.1 ya yi ƙasa. Bikin rana a fili zai wuce lafiya. Amma dina ta dare mai fitilu masu walƙiya da leshi mai ƙyalli, fuskoki za su riƙa farfashewa gida-gida da zarar kyamara ta juya. Shawararmu, duk abin da ya haura awa 2 da rabi ka raba shi faifai biyu, kamu a ɗaya, ɗaurin aure da kai amarya a ɗaya. Kuɗin faifai ɗaya bai kai darajar fuskar amarya ba. In lallai sai faifai ɗaya, ƙa'idar DVD ta yarda da 352 da 576, wato rabin faɗin hoton. Kaifinsa zai ragu, amma farfashewar za ta lafa, kuma a ƙaramin talabijin ba kowa zai gane ba.

Tambaya: Ina kula da ɗaukar karatun tafsiri a masallacin unguwarmu a Bauchi. Wani ya ce in sayi faifai mai hawa biyu, wai yana cin ninki. Haka ne?

Amsa: Bai kai ninki ba, Malam, giga 8.5 ne. A lissafi ka yi aiki da megabit 65,000: awa 3 za su samu 5.8, awa 4 kuma 4.3. Sai dai yana da sharuɗɗa. Na'urar buga faifan da ke kwamfutarka dole ta kasance mai alamar DL, wato mai iya buga hawa biyu. Akwai kuma gaɓar da na'urar kallo ke tsallakawa daga hawan farko zuwa na biyu, inda hoto kan ɗan tsaya. Manhajar buga faifai ta ImgBurn, wadda kyauta ce, tana ba ka damar zaɓen gaɓar, sai ka sa ta inda Malam mai tafsiri ya tsagaita, kada ta faɗo a tsakiyar aya. Wasu tsofaffin na'urori ma ba sa iya tsallakawar sam.

Amma tafsiri ba ya bukatar wannan ɗawainiyar. Kyamara a kafe take, Malam da alaramma suna zaune, motsi kaɗan ne. Da 352 da 576 a kan bitret 2.3, awa 4 za su zauna a faifai na gama-gari. Hankalinka ya koma kan sauti: ka jawo shi kai tsaye daga na'urar lasifikar masallaci, don makirufon kyamara yana kwaso amon ɗaki da ƙarar fanka.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Gombe, ina koyon tace bidiyo. Na rage fayil ɗina ya koma giga 3, na tura shi a faifai. Kwamfuta tana buɗe shi, amma na'urar DVD ta gidanmu ta ƙi.

Amsa: Malama, kin kwafi fayil ɗin MP4 ne a faifai kamar yadda ake turawa a filasha. Na'urar DVD tana neman jaka mai suna VIDEO_TS, mai ɗauke da fayilolin VOB da IFO da BUP, kuma manhajar haɗa faifai ce ke gina ta. DVDStyler tana yi, kyauta. Ki saka bidiyon, ki zaɓi PAL, ki zaɓi 16:9 in hoton mai faɗi ne, in ba haka ba mutane za su fito dogaye sirara. Idan kin riga kin fitar da MPEG-2 daga manhajar tacewa, ki saita ta ta kwafi hoton yadda yake, domin matsewa sau biyu tana lalata shi.

Idan da waya aka ɗauka, yawanci firem 30 ne, wani lokaci ma yana hawa yana sauka. Ki daidaita shi zuwa 25 tun a wajen tacewa, don kada baki ya riga murya.

Kada ki buga kai tsaye. Ki fara fitar da fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, ki buɗe shi da manhajar kallo ta VLC, ki duba farko da tsakiya da ƙarshe. In komai daidai ne, ki buga a gudun 4x ko 6x ko da faifan ya ce 16x, ki kunna zaɓin tantancewa bayan bugu, sannan ki gwada faifan a na'urar gidan kafin ki buga sauran.