Gwajin PCR zai iya nuna min ko ƙwaina na da Salmonella?

Ɗan'uwa, ka ce kana kiwon kaji masu ƙwai, kuma kana son sanin ko gwajin PCR, mai gano Salmonella (ƙwayar cuta mai sa mutum gudawa) ta hanyar DNA ɗinta, wato bayanan halittarta, ya fi tsohon gwajin da ake shuka ƙwayar cuta a ɗakin bincike.

Wajen sauri, ya fi shi nesa ba kusa ba. Tsohuwar hanya kan ci kwana 4 zuwa 7. Shi kuwa PCR, bayan an fasa ƙwan an bar shi cikin ruwan raino mai ɗumi kamar sa'o'i 18 zuwa 24, na'ura ke ninka wani ɗan guntun DNA na Salmonella, galibi wanda ake kira invA, har ya bayyana. Cikin kwana ɗaya ko biyu ka ji sakamako.

Sai dai PCR ba ya rarrabe ƙwayar da ta mutu da mai rai, don haka in ya nuna akwai, a tabbatar da tsohuwar hanya.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauki ƙwai biyu-uku a ce an gwada. Wani nau'in ƙwayar mai suna Salmonella Enteritidis kan shiga ƙwai tun yana cikin kaza, kafin ɓawo ya rufe shi, amma ƙwan da ke ɗauke da ita ƙalilan ne. A Amurka an ƙiyasta ɗaya cikin 20,000. Shi ya sa gara ka kai kashin kaji da ƙurar keji. Nemi likitan dabbobi ya ɗebi samfurin, ya tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato.