Tambaya da Amsa: Komawa kan keke ci gaba ne ko ci baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Kano. Tsakanin gidana da makarantar da nake koyarwa kilomita bakwai ne, kuma kullum sai na kashe naira 1,200 a adaidaita sahu, zuwa da dawowa. Da abin ya ishe ni, sai na gyara tsohon keken mahaifinmu na fara zuwa aiki da shi. Tun daga ranar abokan aikina suka sa ni gaba. Wani ya ce ci gaban mai haƙan rijiya ne, a ce ƙasar da take haƙo mai malami ya koma kan keke. Wani ya ce irinmu ne muke sauƙaƙa wa gwamnati, duk wahalar da aka ɗora mana sai mu nemi dabarar jurewa. Na uku ya ce in yi haƙuri motocin gas da na lantarki suna tafe. Shin keke yana da gurbi a tsarin sufuri na zamani, ko alamar talauci ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sauka daga kekenka. Amma kuma kada ka yi watsi da maganar abokinka na biyu, domin a cikin ukun shi ne ya taɓo inda matsalar take.

Mu fara da aljihunka. Naira 1,200 a ranakun aiki 22 ta kama naira 26,400 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, ka ga kuɗin motarka kaɗai ya haura kashi ɗaya bisa uku na abin da ƙaramin ma'aikaci yake ɗauka. Keke kuwa abin da yake ci bai wuce faci da robar birki da man kaca ba, sai taya idan ta suɗe. Ta fuskar lokaci ma ba ka yi asara ba. Mai tuƙi a natse yana cin kilomita 15 a awa, wato tafiyarka kusan rabin awa ce. Idan ka haɗa tsayuwar bakin titi, da sauke wannan a ɗauki wancan, da cunkoson safiya, da wuya adaidaita ta riga ka da wani abin kirki. Shi ya sa a aikinmu na tsara sufuri muke ɗaukar tafiyar kilomita biyu zuwa takwas a matsayin filin keke: ta yi wa ƙafa nisa, ta yi wa mota kusa. Kano kuma shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka ɗebe Dala da Goron Dutse babu wani hawan da zai sa ka sauka ka tura.

Maganar ci baya tana da asali. A zamanin iyayenmu malami da akawu da ɗan kasuwa kan keke suke, kuma mai sabon Raleigh mutum ne da ake kallo a unguwa. Sai kuɗin mai ya shigo. Ƙarin albashin Udoji na 1974, da buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, da fetur mai arha, suka sa duk wanda ya samu hali ya koma babur ko mota. Keke ya zama na maigadi da ɗan aike da mutumin ƙauye. Wannan kallon ne abokinka ya gada.

A daidai waɗannan shekarun ƙasar Holan ta bi wata hanyar dabam. Su ma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun rungumi mota, sun rushe gine-gine don faɗaɗa tituna. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hatsarin mota a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a 1973, wanda Holan tana cikin waɗanda aka nufa da shi kai tsaye, har gwamnati ta hana fita da mota a ranakun Lahadi na wasu makonni. Daga nan birane suka fara ware wa keke hanyarsa. Yau suna da hanyoyin keke kimanin kilomita 35,000, kuma fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na tafiye-tafiyen ƙasar a kan keke ake yinsu. Mark Rutte, wanda ya yi kusan shekara 14 yana firaminista, da keke ya saba zuwa ofis. Holan ta shafe shekaru tana sayar wa Turai iskar gas, kuma babu wanda zai kira ta matalauciya. Mallakar mai ba ta wajabta wa kowa ƙona shi a tafiyar rabin awa.

To, abokinka na biyu. Lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta kai kusan 1,000, a wasu garuruwan ma ta wuce. Hujjar gwamnati ita ce tallafin ya cinye fiye da naira tiriliyan huɗu a 2022 kaɗai, kuma mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙafa cin moriyarsa. Wannan gaskiya ne. Sai dai an cire shi ba tare da an tanadi wata hanyar zirga-zirga mai sauƙi ba, kuma talaka ne ya biya, a kuɗin mota da kuɗin abinci. Saboda haka duk jami'in da zai leƙo daga mota mai sanyi ya ce wa mutane su koma keke, alhali bai gina musu ko mita ɗaya ta hanyar keke ba, ya cancanci a mayar masa da martani mai zafi.

An ma taɓa gwadawa. A 2001 Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya riƙa kira ga 'yan Najeriya su hau keke, har ya je taron majalisar ministoci a kansa. Wata motar bas ta ture shi cikin rami a Abuja, jaridu suka mai da abin dariya, maganar ta mutu. Ni a ganina niyyarsa mai kyau ce, kuskurensa shi ne ya fara da wa'azi kafin titi. Abin da ya same shi shi ne ainihin abin da yake hana dubban mutane hawa keke, fiye da kunya, fiye da zafin rana.

Dubi inda kuɗin titunan Kano ya tafi tun daga 2011: gadar Ƙofar Nassarawa, gadar Sabon Gari, Dangi, Hotoro, Ƙofar Ruwa. Kowace gwamnati tana so a gan ta da gada. Ba na cewa duk ba su da amfani, amma an zana su ne don mota ta wuce da gudu, kuma mai keke da mai tafiya a ƙafa babu wanda ya tuna da su a zanen. Gudun nan shi ne kisan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, tara cikin goma suna rayuwa, amma idan gudun ya kai 45, waɗanda suke tsira ba su kai rabi ba. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a tituna duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Maganin ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da gada. Hanya ce mai faɗin mita biyu a gefen babban titi, wadda aka raba da hanyar mota da dakalin kankare. Fenti kaɗai ba ya aiki a nan, washegari masu adaidaita da masu tireda za su mamaye shi. Birnin Sebiya na ƙasar Sifen, mai zafin bazara da yakan haura digiri 40, ya gina irin wannan hanya kusan kilomita 80 tsakanin 2006 da 2007, a haɗe da juna, kuma cikin 'yan shekaru masu hawa keke suka ninka sau da yawa. Ba sai mun je Turai ba ma: a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, manyan tituna suna da hanyar masu ƙafa biyu dabam, kuma maza da mata suna hawa keke zuwa kasuwa da ofis. Jihar Legas ta fitar da manufar tafiya a ƙafa da keke tun 2018, sai dai abin da ya sauka daga takarda zuwa kwalta kaɗan ne. A Maiduguri kuwa, bayan hana babura a 2011, mutane sun koma keke da kansu ba tare da an gina musu komai ba. Masu hawa suna nan, hanya ce babu.

Game da gas da lantarki, ina goyon bayansu, musamman ga manyan motocin bas da na dogon zango. Amma sauya injin mota zuwa CNG, wato iskar gas da aka matse, yana cin ɗaruruwan dubban naira, gidajen sayar da shi a Arewa ba su da yawa, kuma wadatarsa a nan ta rataya ne a kan bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Lantarki kuma, ƙasar mutum fiye da miliyan 200 tana raba abin da yake kaiwa da komowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, kuma a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Ko an warware duk wannan, motar lantarki girmanta ɗaya da ta fetur. Wurin da mota ɗaya take fakawa yana ɗaukar keke goma, kuma cunkoson Kantin Kwari bai san da me injinka yake aiki ba.

Ba kowa keke zai yi wa ba. Tsoho, da mara lafiya, da mai juna biyu, da wanda yake zuwa daga Wudil ko Bichi, motar haya mai arha suke buƙata, kuma wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati. Hawan kekenka bai yafe mata shi ba. Hasali ma duk wanda ya koma keke ya bar kujera da fili a titi ga wanda ba shi da zaɓi.

Tunda malami ne kai, ga abin da ya shafi ɗalibanka. A 2006 jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Binciken da masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash suka yi ya gano cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi ƙarfi a ƙauyukan da suke nesa da makaranta. Yara nawa ne a ajinka suke makara ko fashi saboda kuɗin mota?

A kan titi kuwa, Malam, ka kiyaye kanka. Bi hannunka, kada ka tari motoci gaba da gaba don yanke hanya. Kada ka shiga gefen tirela ko tifa a kwana ko shataletale, direban ba ya ganinka. Sa fitila fara a gaba, ja a baya, musamman da asuba da lokacin hazo, ka sami hular kwano, ka ɗaure bakin wando ko ka tattare riga kada kaca ta kama. Inda akwai layin unguwa da yake tafiya kusa da babban titi, bi shi ko da ya ɗan fi tsawo. Daga Maris zuwa Mayu ka fita da wuri, ka riƙe ruwa, ka ajiye rigar canji a makaranta. Sannan ka nemi shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su kafa rumfa da ƙarfen ɗaure kekuna a cikin harabar, domin tsoron sata yana hana iyaye da yawa saya wa yara. Idan masu neman kujerar ƙaramar hukuma ko majalisar jiha suka zo neman ƙuri'a, ku tafi da abokin nan naka na biyu, ku ambaci titin da yaranku suke bi da sunansa, ku nemi tudun rage gudu a ƙofar makaranta da keɓaɓɓiyar hanyar keke a gefensa, kuma ku ce a nuna muku su a kasafin kuɗi.