Amsa: Kashin aladu zai ba da gas na girki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kashin aladunka goma a Kafanchan zai ba da gas na girki, ragowar kuma ta yi taki. E, zai yi. Ka dama shi da ruwa daidai wa daida, ka riƙa zubawa kullum a tanki rufaffe wanda iska ba ta shiga. Zubin farko ka haɗa da ɗanyen kashin shanu, shi ne ke tayar da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin ya ba da gas. Gas ɗin kwanakin farko ba ya kamawa, ka sake shi ya tafi.

Abin da ya taɓa kashe mini tanki shi ne ruwan wankin garke. Yarona ya wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya kora ciki, sai da muka yi kusan wata guda muna girki da itace. Da hunturu ma wutar takan yi rauni. Ruwan da ke fitowa daga tankin kuwa shi ne takin, masara da citta suna sonsa, amma kada ka zuba wa latas ko kabeji, don ƙwan tsutsar ciki ba ya mutuwa duka.