Kuɗin kafin alƙalamin gida ya ƙi taruwa: in ciwo bashi ko in zuba a kirifto?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har ƙarshe. Ka ce kai ma'aikaci ne mai albashi, kana zaman haya da iyalinka, ka daɗe kana tara kuɗin kafin alƙalami don ka samu lamunin sayen gidanka na farko, amma da zarar kuɗin ya fara kauri sai wata lalura ta taso ta cinye shi, ga farashin gidaje ba ya jiran kowa. Shi ne kake tambaya ko ka ciwo bashi ka cike abin da ya rage, ko ka zuba ɗan abin da ke hannunka a kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ko hannun jari ya hayayyafa da wuri.

Duka biyun ban ba ka goyon baya ba, kuma zan zo kan dalili. Amma bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, don a can ciwon yake.

Ajiyarka tana narkewa ne saboda asusu ɗaya gare ka, kuma shi ke ɗaukar kowane irin nauyi. Abin da kake kira lalurar ba-zata, in ka duba da kyau, kowace shekara sai ya zo: rashin lafiya, gyaran mota, ɗan'uwa ya shiga matsala, waya ta lalace. Ranar zuwansa ce kawai ba ka sani ba. Ni da maiɗakina da muka yi niyyar sayen gida, farkon abin da muka tara ba na gida ba ne, na lalura ne, kuɗin da zai riƙe mu wata 3 zuwa 6 ko da albashi ya tsaya. Na san da zafi mutum ya ga wata yana shuɗewa bai saka ko sisi a asusun gida ba. To amma tun daga ranar da wancan asusu ya cika, hannunmu bai sake shiga kuɗin gida ba. Lalura ta zo, an ɗiba a inda aka tanada mata, an mayar a hankali.

Bayan wannan sai ka san adadin da kake nema na haƙiƙa. Masu ba da lamunin gida a ƙasashe da dama suna neman kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin gidan, wasu wuraren ma fiye da haka. Yawan abin da ka ajiye, sauƙin sharaɗin da za a gindaya maka. A Amurka misali, wanda ya biya ƙasa da kashi 20 a lamuni na yau da kullum ana ɗora masa wata inshora da ke kare bankin, ba shi ba, kuma shi zai riƙa biyanta duk wata. Sannan kafin alƙalami ba shi kaɗai ake biya ranar ciniki ba. Akwai kuɗin lauya, kuɗin mai ƙiyasta darajar gida, kuɗin mai duba lafiyar gini, harajin sayen gida a inda ake karɓa, rajistar takardun mallaka, la'adar dillali in ta hau kanka, da kuɗin tashi. Waɗannan in sun haɗu sukan kai wasu kashi-kashi na kuɗin gidan. Wani abokina ya kwashe duk abin da ya mallaka ya biya, ya karɓi makulli, damina na sauka rufi ya fara yoyo, sai da ya ciwo bashi mai tsada kafin ya gyara. Saboda haka ka rubuta abu uku a takarda: kafin alƙalami, kuɗin kammala ciniki, da abin da zai rage a hannunka bayan ka shiga. Jimillarsu ita ce abin da kake nema.

Yanzu ga dabarar da ta fi yi mana aiki, ita nake so ka riƙe ko da ka manta da sauran. Ka je wurin mai ba da lamuni tun yanzu, ba don ka karɓa ba, don ka ji nawa za ka riƙa biya duk wata idan ka sayi irin gidan da kake so. Ka ɗora kuɗin inshora da haraji a kai. Ka ƙara na gyare-gyare, wanda da yawa suke ƙiyasta shi a kan kashi 1 cikin 100 na darajar gidan a shekara, tunda ranar da famfo ya fashe babu maigidan haya da za ka kira. Ka cire kuɗin hayar da kake biya yanzu daga wannan jimilla. Abin da ya rage, shi za ka riƙa turawa asusun gida duk wata, kamar ka riga ka sayi gidan.

Amfanin wannan biyu ne. Kuɗin yana taruwa, kuma kana gwada kanka tun kafin ka sa hannu a takardar da za ta ɗaure ka shekara 20 ko 30. Idan ka yi wata shida zuwa shekara kana biya ba tare da ka ci bashi ba, ba tare da gida ya shiga ƙunci ba, to gidan daidai ƙarfinka ne. Idan kuwa tun wata na uku ka fara gumi, ka gode Allah da ka gane yanzu, lokacin da babu wanda zai ƙwace maka komai. Sai ka sauko ka nemi ƙaramin gida ko unguwa mai sauƙi. Mu kanmu wannan gwaji ne ya sa muka rage ɗaki ɗaya daga abin da muka fara buri, kuma har yau ina ganin daidai muka yi. Su ma bankuna irin lissafin da suke yi ke nan: yawanci ba sa son kuɗin gida ya wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu, kuma suna haɗa duk wani bashi da ke kanka a lissafin.

Turawar nan kada ka bar wa zuciyarka. Ka umarci banki ya riƙa cirewa da kansa ranar da albashi ya sauka, ko washegari. Mai jiran ƙarshen wata ya ajiye abin da ya rage, ba ya samun ragowa. Asusun kuma ya kasance a wani banki daban, babu katin cirar kuɗi, babu manhajarsa a wayarka. Mu mun mayar da namu na haɗin gwiwa, ba a cire kuɗi sai da sa hannun mu biyu. Ba don rashin yarda ba ne, sai don kowannenmu yana da ranar da zuciyarsa ke yin taushi. Duk wani ƙarin albashi ko alawus da ya shigo, aƙalla rabinsa ya wuce can kafin jiki ya saba da shi.

Za ka ji masu ba da shawara suna ta magana a kan ƙananan kashe-kashe. Ba laifi, amma ni ban ga wanda ya sayi gida da wannan kaɗai ba, illa dai ya takura wa iyalinsa har su tsani maganar gidan. Manyan ramuka uku ne: haya, mota, da bashi. Zama a gidan hayar da ya ɗan matse ku na ƙarin shekara biyu, ko haƙura da canza mota, ya fi ƙirga ƙananan abubuwa ɗari. Idan kuma akwai bashi mai tsadar ruwa a kanka, shi za ka fara kashewa, domin babu asusun ajiyar da zai ba ka abin da wancan bashi ke ci maka.

Maganar 'yan'uwa kuwa, ba zan ce ka rufe hannu ba, ban yarda da gidan da aka gina a kan yanke zumunci ba. Ka ware wani adadi na taimako duk wata, ka bayar da zuciya ɗaya. In ya ƙare, ya ƙare sai wani watan. Kuma ba kowa ne ya kamata ya san nawa ke asusun gida ba.

To, batun ciwo bashi don cike kafin alƙalami. Da farko, masu ba da lamuni suna bin diddigin inda kuɗin ya fito. Za su nemi bayanan asusunka na watannin baya, kuma idan suka ga dunƙulen kuɗi ya faɗo kwatsam za su tambaya. Da yawansu ba sa karɓar kafin alƙalamin da aka ranto, waɗanda ke karɓa kuma za su lissafa shi cikin basukanka su rage abin da za su ba ka. Ko kyauta ce daga iyaye, sukan nemi takardar shaida cewa kyauta ce ba rance ba. Na biyu, ka duba abin da kafin alƙalami yake yi maka. Ɗauka gida 100 ne, ka biya 10, banki ya biya 90. Idan farashi ya faɗi da kashi 10, rabonka ya tafi gaba ɗaya, amma dai ba ka nutse ba. Idan kuwa goman nan ma rantowa ka yi, ana binka 100 a kan gidan da bai wuce 90 ba, kuma bashi biyu kake biya duk wata. Abin da ya faru da miliyoyin mutane ke nan a Amurka a rikicin 2008: an ba su gidaje da ɗan ƙaramin kafin alƙalami ko ma babu, farashi ya faɗi, bashin ya fi gidan, sayarwa ba ta fitar da su, zama kuma ya gagara. Ka kuma riƙe wannan lissafi: lamuni mai ruwan kashi 6 cikin 100 na shekara 30, duk 100 da ka ranta kusan 216 za ka mayar. Ke nan duk 100 da ka tara da guminka ta cece ka daga biyan ƙarin 116 na kuɗin ruwa.

Idan kana cikin masu guje wa kuɗin ruwa, akwai bankunan da ke bin tsarin Musulunci, inda banki zai sayi gidan ya sayar maka da riba sananniya, ko ku mallake shi tare kana sayen rabonsa a hankali kana biyan hayar abin da ya rage nasa. Su ma sai ka kawo naka kason tun farko, saboda haka tarawar nan ba makawa.

Kirifto da hannun jari kuwa, ba na cewa haramun ne gare ka har abada, cewa nake yi ba wurin ajiye kuɗin da za ka buƙata nan da shekara biyu ko uku ba ne. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a watan Nuwamba na 2021, shekara guda bayan haka ya faɗo ƙasa da 17,000. Ma'aunin manyan kamfanonin Amurka na S&P 500 ya zubar da fiye da rabin darajarsa tsakanin Oktoba 2007 da Maris 2009. Duka biyun sun farfaɗo daga baya, gaskiya ne, amma mai jiran farfaɗowa yana buƙatar shekaru, kai kuma kana da ranar da kake son tashi daga haya. Masu cewa kawo su ninka maka cikin wata uku kuwa, ko amsa musu kada ka yi.

Tsoronka na hauhawar farashi yana kan hanya. Ka raba 72 da adadin hauhawar, za ka samu kusan shekarun da kuɗinka zai rasa rabin ƙarfinsa: in kashi 8 ne, shekara 9 ke nan. Don haka kada kuɗin ya kwanta a asusun da ba ya haifar komai. Ka duba ajiyar ƙayyadadden lokaci, takardun lamunin gwamnati na gajeren zango, ko sukuk, wato takardun zuba jari masu bin tsarin Musulunci, ka kwatanta abin da suke bayarwa da hauhawar farashi a inda kake. Ka tabbata bankin yana ƙarƙashin inshorar masu ajiya, ka kuma san iyakar abin da take biya. Sannan ka bincika ko gwamnatin ƙasarka tana da wani tallafi ga masu sayen gidan farko. Birtaniya misali ta ɓullo da wani asusu a 2017 da gwamnati ke ƙara kashi 25 cikin 100 a kan abin da mutum ya ajiye, har zuwa ajiyar fam 4,000 a shekara. Irin wannan kyauta ba a barinta a ƙasa.

Amma kada gudun farashi ya firgita ka fiye da kima. Idan gidan 100 ya koma 105, kafin alƙalamin kashi 10 daga 10 ya koma 10.5 ne kawai. Inda ƙarin ke cizo shi ne a biyan wata-wata, shi ya sa nake so ka sake lissafin gwajin nan duk shekara. Idan ka ga farashi yana gudu fiye da tarawarka shekara bayan shekara, kada ka nace sai ka kai kashi 20. Ka shiga da 10 a gidan da gwajin ya nuna za ka iya ɗauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wata shida kafin ka nemi lamunin ka fara gyara takardunka: kada ka buɗe sabon bashi, kada ka tsaya wa kowa a matsayin mai lamuni, kada biyan wani kuɗi ya makara, kuma in da hali kada ka canza wurin aiki a tsakanin. Ranar da ka ga gidan da ya kwanta maka, komai matsin da dillali zai yi maka cewa wani na nan tafe da kuɗi a hannu, kada ka miƙa ko sisi sai lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya tabbatar da takardun mallaka, kuma an rubuta a yarjejeniya cewa za a dawo maka da kuɗinka idan banki ya ƙi ba da lamunin ko aka gano aibi a ginin.

Idan ka samo adadin biyan wata-wata daga banki, ka faɗa mana kashi nawa ne na albashinka da kuma nawa hayarka take ci, sai mu taya ka duba lissafin. Allah ya hore, ya sa ka shiga da ƙafar dama.