Su wa ke yi wa Legas doka zamanin Turawa?

Malam, ka tambaya ko 'yan ƙasa na da ta cewa a dokokin Legas lokacin mulkin mallaka. Kaɗan ƙwarai. Bayan Ingila ta karɓe garin daga hannun Oba Dosunmu a 1861, gwamna ne wuƙa da nama, majalisar dokokin kuwa duk naɗaɗɗu ne.

Sai a 1922 tsarin mulkin Clifford, gwamnan Najeriya na lokacin, ya kawo zaɓe a sabuwar majalisar dokokin da ta haɗa Legas da sauran Kudu: kujeru 3 na Legas, 1 ta Kalaba. Kafin ka jefa ƙuri'a, sai kana namiji mai samun fam 100 a shekara. Ɗan dakon tashar jirgin ruwa ina zai ga wannan kuɗi? Wannan sharaɗi na ci min rai. Jam'iyyar Herbert Macaulay, ɗan kishin ƙasa na Legas, ta lashe kujerun Legas duka a 1923. Arewa kuwa ba ta cikin majalisar, gwamna kaɗai ke yi mata doka.